Masanin Turkiyya na Rafin Ɗinya

A shekara ta biyu da samun mulkin kai, duk ƙasar Makarfi babu wanda ya san Turkiyya kamar Alhaji Ashafa na Rafin Ɗinya. Wannan ba jita-jita ba ce, domin shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Ilimin nan a Mina ya samo shi, shekarar da ya sauke farali. Rana ce ta kore shi inuwar wani tanti, ya tarar da wani tsohon Baturke yana fifita. Ba su jin harshen juna, sai tsohon ya miƙa masa dabino, ya kuma zaro hoton ɗansa ya nuna masa: saurayi da kwat, da laktaye a wuya, da malafar Turawa, ya dafa kujera. Iyakar hirar ke nan. Amma da yake Allah ya hore wa Alhaji saurin fahimta, kafin jirgi ya sauke su a Kano ya gama gane ƙasar, tun daga gwamnatinta har zuwa miyarta.

"Turkawa sun gama da duniya," in ji shi, duk yamma a gindin ɗinyar ƙofar dagaci. "Wata safiya suka tashi suka ce daga yau mu Turawa ne. Suka tuɓe jar dara suka watsa a teku. Yanzu ko atishawa Baturke zai yi, irin ta Ingila yake yi."

"To kai me ya hana ka jefar da taka?" wani ya tambaya, don Alhaji ba ya rabuwa da jar dara sai in zai yi aski.

"Ina tekun a Rafin Ɗinya?"

Mutanen garin rake suke nomawa, su matse shi a turmin ƙarfe da doki ke zagayawa da shi, su dafa ruwan ya zama mazarƙwaila. Ana nan, ƙarshen damina, sai ga Barnaba malamin gona a kan kekensa da labari wurin Dagaci Jumare. Gwamnati ta samo injin matse rake mai shan baƙin mai, wanda aikin da doki zai wuni yana yi, shi kafin a dama fura ya gama. Guda ɗaya ne tak. Mutanen wajen Ikara sun riga sun fita daga takarar samunsa, saura gari biyu: Rafin Ɗinya, da Fadamar Kuka ta wajen Kudan. Abin da ya sa ma aka sa Rafin Ɗinya a ciki shi ne fadamar Alhaji Ashafa, wadda take daf da hanyar mota, rakenta kamar gora. Na sauran jama'a duk yana hayin rafi.

"Wanda zai zo ya zaɓa kuma," in ji Barnaba, "wani injiniya ne da aka ɗauko aiki daga Turkiyya."

Duk zauren ya juya ya dubi Alhaji. Alhaji kuwa ya dubi rufin zauren, kamar mai jin nauyin a yabe shi.

"Ranka ya daɗe," Barnaba ya ƙara, "rake zai duba, da hanyar da mota za ta bi. Shi ke nan."

"Yaro, kai ka san takin zamani, ni na san Baturke," in ji Alhaji. "In ya zo ya tarar da mu kan tabarma muna suɗe hannu, ko injin niƙa barkono ba zai ba mu ba. So yake ya ga Turai. Turai kuwa zai gani."

A bakin ƙofa akwai Maiwada, ɗan kawun Alhaji, mutumin Fadamar Kuka, ya zo gaida gwaggonsa. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi ɓarin kunu ba.

"Bawana," in ji Maiwada, "kai da ba ka san gaban wando da bayansa ba? In an kawo mana injin, ka riƙa kawo rakenka, zan sa a yi maka sauƙi."

"Wallahi in injin nan ya tafi Kudan," Alhaji ya miƙe, "a kwance dokina a ɗaura ni a turmin, in zagaya da shi ranar kasuwa, kowa na gani!"

"Jama'a kun ji?"

Jama'a sun ji. Irin wannan maganar ba a taɓa samun wanda bai ji ba.

Lokacin Turawa na ta haɗa kaya suna komawa gida, abin da akwati ya ƙi ɗauka yana ƙarewa a gwanjon Sabon Garin Zariya. Alhaji ya tafi ya dawo da ƙunshin da sai da jaki biyu suka ɗauko daga tasha: kwat-kwat na ulu waɗanda aka ɗinka don ƙasar da ruwa ke daskarewa, takalma sau-ciki, malafu, da hulunan kwano irin na Turawan mulki. Dagaci ya sami wandon wani Bature da Allah ya yi wa tsawo, sai da aka ɗaure masa shi a hammata. Ladan ya sami takalmi, duka biyun na ƙafar hagu. Da ya yi ƙorafi, Alhaji ya ce ci gaba bai taɓa zuwa wa kowa da daɗi ba.

Maƙerin gari aka ba shi aikin cokula masu yatsu. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba, amma ya san manjagara, sai ya rage mata girma kaɗan. Kaɗan ɗin nan kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Da yake Alhaji ya ce gidan Bature ba ya rasa kare, aka aro karen wani mafarauci, aka yi masa wanka da sabulun salo har sau biyu. Karen bai yafe ba.

Sai kicin. "Ke Sabuwa," Alhaji ya ce wa matarsa, "ranar ba tuwo, ba miya. Dankali za ki dafa da kabeji. Kar ki sa gishiri, kar ki sa barkono, daddawa kuwa ko warinta kar ya ji."

"Alhaji, baƙon ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To laifin me ya yi mana?"

"Abincin wayayyu ke nan."

"Allah ya bar mu a duhunmu," in ji Sabuwa, ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa.

Mahaifiyarsa Iya Mairo ma ba ta tsira ba. Alhaji ya durƙusa ya yi mata bayani cewa Turawa ba sa ajiye tsofaffi inda baƙi ke gani, don haka ya roƙi arziki ta wuni a ɗakin baya.

"Ashafa," ta ce, "a tsakar gidan nan na yi maka tsarki kana tsala ihu, baƙi na gani."

"Iya, don inji ne."

"Injin ne zai yi maka addu'a?"

Ta dai shiga, amma ta tafi da sandarta.

Babban aikin kuwa shi ne fili. Alhaji ya taɓa leƙa gidan Razdan, babban Baturen lardi, ta saman shinge, ya ga Turawa na shan shayi a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. Dole baƙo ya sauka a kan irinta. Kuma duk bakin hanyar babu wuri mai laushi da danshi sai fadamarsa. Ya sa aka sare raken kaf, tun bai nuna ba, aka ba shanun Fulani. Aka baje ƙasar, aka ciro ciyawar ƙiri-ƙiri daga bakin rafi aka dasa. Barnaba ya zo ya gani, ya sauka daga keke, ya dubi filin, ya sake hawa keken.

Ranar da aka sa, hantsi ya dubi ludayi, manyan Rafin Ɗinya suka jeru a bakin hanya cikin ulu, gumi na bin su kamar an kwance tulu. Maiwada ya zo da wuri, ya sami inuwa, ya zo da gyaɗarsa.

Mota ta tsaya. Barnaba ya fito, bayansa wani gajeren mutum mai gashin baki da sanƙo, sunansa Injiniya Nuri. Yana sanye da kwat da laktaye.

"Kun gani?" in ji Alhaji, ba tare da ya rage murya ba.

Injiniya ya dubi jerin, ya dubi wandon Dagaci tun daga hammata har ƙasa, sannan ya ce, "Salamu alaikum."

Ba wanda ya amsa, don an kwana biyu ana koya musu ɗaga hula. Suka ɗaga. Ta Ladan ta ƙi fita.

Barnaba, wanda shi ne tafinta, ya gaya wa baƙo da Turanci cewa ga wani Alhaji nan da ya san ƙasarsu ciki da bai. Fuskar mutumin ta washe. Ya rungume Alhaji, ya kwararo masa Turkanci kamar ruwan Agusta, har da ƙwalla. Alhaji ya yi tari. Ya sake yin tari.

"Me ya ce, bawana?" Maiwada ya ɗaga murya daga inuwa.

"Na ƙauye yake yi. Ni na birni na koya."

Aka nufi zauren da aka shirya tebur. A bakin ƙofa Injiniya ya sunkuya ya fara kwance takalmi. Alhaji ya yi tsalle ya riƙe masa ƙafa.

"Gaya masa kar ya ji kunyarmu! Mu ma da takalmi muke shiga, har kan gado!"

Baƙo na kwancewa, Alhaji na ɗaurewa. Da aka gaji, baƙo ya shiga da takalminsa yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙwai.

A kujerar da ke kusa da tasa ya tarar da kare, an ɗaure shi da rawani. Suka dubi juna. Cikin su biyun ba wanda ya nemi wannan haɗuwar.

"Yana tambaya," in ji Barnaba, "ko shi ma ɗan majalisar dagaci ne."

"Na gida ne," in ji Alhaji. "Ba ma iya cin abinci in ba ya nan." Ya kai hannu zai shafa kansa. Karen ya nuna masa haƙora har na dasashi, Alhaji ya mayar da hannun ya gyara malafa.

Aka kawo dankali da kabeji, farare fat. Dagaci ya caka wa nasa manjagara, dankalin ya yi tsalle ya faɗa aljihun Liman. Injiniya ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya haɗiye kamar wanda aka tuna masa da mutuwa. Aka zuba masa shayin da Alhaji ya haɗa da kansa: ruwan ɗumi, madara, da ganyen da aka nuna wa tukunyar daga nesa.

Sai ya ajiye kofin ya yi magana mai tsawo, Barnaba na juyawa.

"Ya ce wannan abincin ya tuna masa da Jamus, inda ya koyi aikin inji."

"Kun ji!" in ji Alhaji.

"Ya ce saboda shi ya baro can. Ya ce mutane ne masu cika alkawari, in sun ce jirgi zai zo, zai zo, in sun ƙera ƙusa jikanka zai gaje ta. Amma ya taɓa kai wa abokinsa ziyara ba sanarwa, aka ba shi jarida, su kuma suka shiga ciki suka ci abinci."

Zauren ya ɗauki salati.

"Ya ce a gidansu har yau gardama ake. Yayansa na cewa ba su zama Turawa sosai ba, mahaifiyarsa na cewa sun wuce gona da iri, kawunsa kuma da safe yana bayan wannan, da yamma yana bayan waccan. Shi dai inji ya ɗauko, da wannan igiyar wuyan. Igiyar ma in ya sami mai so zai bayar."

"Tawali'u ne," Alhaji ya bayyana wa jama'a. "Haka manyan Turawa suke, ba sa yabon kansu."

Daidai nan ƙamshi ya shigo. Iya Mairo ta gaji da ɗakin baya, Sabuwa kuwa dama ta ɗora tukunya ta biyu saboda kada mutanen gida su wayu da yunwa. Sai ga tsohuwa ta dogaro sanda, Sabuwa na biye da akushin tuwon shinkafa da miyar taushe.

"Ina baƙon da aka ce kar ya gan ni?"

Injiniya ya miƙe zumbur, ya tuɓe takalman nan da ya sha wuya a kansu, ya isa gabanta ya rusuna. Ya kama hannunta ya sumbata, ya ɗora shi a goshinsa.

"Haka suke gaida tsofaffi a ƙasarsu," in ji Barnaba. "Ya ce gidan da ba tsohuwa, rumbu ne da ba hatsi."

"Ashafa, ka ji ɗan halak," in ji Iya, sannan ta juya wurin baƙon. "Wa ya haife ka, ɗan nan? Allah ya yi mata albarka. Zauna ka ci abincin mutane."

Ya zauna a ƙasa, ya naɗe hannun riga. Kafin Alhaji ya gama cewa ai wannan gwada su yake yi, manyan gari sun zame daga kujeru ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Alhaji da kare a tebur, da kabeji tsakaninsu. Karen ya shinshina, ya kau da kai.

Azahar ta yi. Alhaji, wanda har yanzu bai fid da rai ba, ya bi sahu yana raɗa cewa kowa ya bar hularsa a kai, kada baƙo ya ɗauka aro ce. Baƙon kuwa ya yi alwala, ya zaro 'yar tagiyar saƙa daga aljihun kwat ya kifa a sanƙonsa. Da aka tafi sujada, bakin malafu da na hulunan kwano ya riga goshi isa ƙasa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Wasu suka gangara sahun gaba, ta Ladan ce kaɗai ta tsaya, ta kuma nutse har hanci. Sai da Liman ya sa aka tara su a gefe aka sake sallar.

Bayan an shafa, Injiniya ya ɗauki wata hular kwano yana juyawa, kafaɗunsa na rawa.

"Ya ce mahaifinsa ya sha wannan," in ji Barnaba. "Da aka sa su dole su sa hular Turawa, sai ya sayi mai ɗan baki a gaba. In zai yi salla ya juya bakin ƙeya. Yakan ce gwamnati na son hula, Allah na son goshi, kowa ya sami nasa."

"Abin da nake shirin gaya muku ke nan," in ji Alhaji.

"Yanzu kuma ya ce a kai shi ya ga rake."

Aka fito bakin hanya. Alhaji ya buɗe hannu ya nuna filin ciyawa, da kujeru biyu a tsakiya.

"Ya ce ciyawa ta yi kyau. Ina raken?"

"Gaya masa a nan yake da. Saboda shi muka kawar."

Barnaba ya gaya masa. Injiniya ya nemi a maimaita. Aka maimaita. Ya cire tagiyar ya share sanƙo, ya tambaya ko akwai wani. Aka ce akwai, a hayin rafi. Nan take ya fara naɗe ƙafar wando.

"Haba! Babban baƙo a laka?" Alhaji ya sa aka kawo kujera, aka dasa mutumin a kai yana ta roƙo, majiya ƙarfi huɗu suka ɗaga, Alhaji na gaba yana nuna hanya. Da ƙafarsu ta Allah, mutanen nan sun ƙetare rafin da buhu a ka ba sau ɗari ba. Amma yau suna cikin sau-ciki. A tsakiyar ruwa takalmin na farko ya zauna a laka, mai shi ya ci gaba. Na biyu ya taka wandon na farko. Kujera ta yi sallama da kowa. Alhaji ya juyo zai tare, ya tare kuwa, da fuska.

Mata da yara da suka cika gaɓa suka yi abin da ya dace, wato suka yi ƙoƙarin kada su yi dariya, na ɗan lokaci. Malafu suka bi ruwa a jere, suka nufi Kudan.

"Ga shi har hulunan sun riga injin tafiya!" in ji Maiwada.

Injiniya ya miƙe, ya tofar da ruwa, ya ƙarasa hayi da ƙafarsa. Ya duba raken, ya karya ɗaya ya sha, ya yaba. Da ya dawo ya tsaya gaban Dagaci yana ɗiga.

"Ya ce, ranka ya daɗe, bai ci tuwo mai daɗin na yau ba tun da ya zo ƙasar nan, kuma yana gaida Iya. Amma inji ba ya hawa kujera, mota ce ke kawo shi. Inda mota take tsayawa babu rake, inda rake yake mota ba ta zuwa."

Kafin ya shiga mota ya kwance jiƙaƙƙen laktayensa ya rataya wa Alhaji a wuya, ya ce ya ga alama ya sami mai so.

Injin ya tafi Fadamar Kuka.

Da rake ya nuna, aka ɗebo na hayin rafi aka kawo tsohon turmin. Ranar kasuwa ce, kuma ba a taɓa ganin cikar kasuwa irinta ba. Har daga Paki da Likoro an zo, wasu ba su ko kawo abin sayarwa ba. Maiwada da hannunsa ya kwance dokin, ya ɗaura bawansa a sandar turmin, ya gyara masa laktaye. Iya Mairo ta sa aka kawo mata tabarma sahun gaba, inda baƙi za su gan ta.

Alhaji ya zagaya, ya sake zagayawa, ruwan rake ya fara ɗiga kamar hawayen marowaci. A zagaye na biyar ya tsaya yana haki, ya dubi taron.

"Ku da ba ku fita waje ba, ba za ku gane ba," in ji shi. "A Santambul sai babban mutum ake bari ya yi wannan. Motsa jini ake ce masa."

"To motsa, bawana," in ji Maiwada. "Jinin bai kai tukunya ba tukuna."

Dokin kuwa, wanda duk garin shi kaɗai ya ci ribar zuwan Baturke, yana can tsakiyar fili kusa da kujeru, yana kiwon ciyawarsa a natse, kamar Razdan.